Addu'a ko tamrin (atisaye)? Amsa ga yaron da aka mayar sau biyu a gwajin nadi (kulob ɗin ƙwallo)

Saƙon yaron nan ya shigo min bayan isha'i, a mota na karanta shi kafin in shiga fili, nace wannan kam sai na zauna na ba shi amsa a tsanake dan ba shi kaɗai bane, kusan duk shekara sai wani ya min irinta. Ga abin da ya rubuto:

"Kabtin barka da dare. Shekarata 17, a Makka aka haife ni, ɗan tsakiya nake bugawa a hararmu (unguwarmu) kuma kowa yana cewa na iya. Sau biyu ina zuwa gwajin nadi ana mayar da ni. Bana wasa da sallah, ina azumin Litinin da Alhamis, Hajiyata kullum cikin yi min addu'a take har a wajen ɗawafi. Abokina da muka je tare ko asuba baya tashi amma shi aka ɗauka. Kawuna yace baki ne ko sammu, wai a karɓo min rubutu da laya. Wani kuma yace dama ƙwallo lahawu ce shi yasa ba albarka. Dan Allah Kabtin, imani da ibada suna da wani tasiri a wasa ko duk zance ne?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya saka wa Hajiya da alheri. Tun farko ka sani ni ba malami bane, fatawa ba tawa bace, aikina horar da jiki, sama da shekara 20 ina yi a nan Jidda, kafin nan kuma nima ƙwallon hawari, wato ta unguwa, na buga a Makka wajen titin Mansur har gwiwa ta kore ni daga fili. To abin da zan faɗa maka daga fili na samo shi.

Suna da tasiri, babba ma. Sai dai ba ta ƙofar da kake tsaye kana jira suke shigowa ba. Yadda ka jero maganar, sallah, azumi, addu'ar Hajiya, sannan "amma aka mayar da ni", kamar ka kai kuɗi baƙala (shago) ne aka hana ka kaya. Ba haka abin yake ba, kuma bari in tuna maka wani abu da kai ma ka gani da idonka.

Ranar Talata 22 ga Nuwamba 2022 da azahar a filin Lusail na Ƙatar, gasar cin kofin duniya, Saudiyya da Ajantina. Mutanen nan wasa 36 suka jera ba a doke su ba. Minti 10 Messi ya ci fenareti, kafin hutun rabin lokaci sun ƙara zura uku a raga duk aka soke saboda satar fage. Aka dawo, minti na 48 Saleh al-Shehri ya farke, na 53 Salem al-Dawsari ya juya ya lanƙwasa ta can lungun sama. Ni a istiraha (wurin hutawa da hira) na kalla da wasu dattawa, wallahi akwai tsohon da na sani da ciwon baya ko ruku'u da ƙyar yake yi, ranar sai ga shi yana tsalle da kofin shayi a hannu, wasu suka faɗi sujada a gaban talabijin, washegari aka ba da hutu a ƙasa baki ɗaya. Kowa yace addu'a ce, nima nace addu'a ce. To amma kwana 4 bayan nan, ranar Asabar, aka ba mu fenareti a wasan Poland, Salem ɗin nan dai, ƙafar nan dai, mutanen da suka yi addu'a ranar Talata ba wanda ya daina ranar Asabar, ya buga, mai tsaron ragar Poland Szczesny ya ture. Aka ci mu 2-0, Meziko ta ƙara mana 2-1 muka dawo gida, Ajantina kuma ta ɗauki kofin. Shin imanin Salem ne ya ragu cikin kwana huɗu? Ko alƙali ne aka yi wa asiri?

Kuma ƙwallaye ukun da aka soke wa Ajantina ba daga sama suka faɗo ba. Herve Renard, kocin Saudiyya a lokacin, ya ɗauki makonni yana koya wa 'yan bayan nan su matso gaba a layi ɗaya kamar sahun sallah, ba wanda zai rage a baya ko da taku ɗaya, kuma mafi yawan 'yan wasan daga nadin Hilal suke, sun san numfashin juna. Ka tsaya kusa da tsakiyar fili ka bar wa Messi da Lautaro duk filin da ke bayanka, wannan yana buƙatar zuciya, amma zuciyar a tamrin aka gina ta, an maimaita har jiki ya haddace. Ka san hadisin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ɗaure ta sannan ka yi tawakkali. Mu dai a fili igiyar ita ce tamrin da barci da abinci.

Yanzu maganar layar kawu, nan zan ɗan daɗe saboda ni ta taɓa cina.

Ina ɗan shekara 19 akwai gasar Ramadan da ake yi a filin ƙasa, irin wadda ake kunna fitilu da janareta a buga har kusan sahur. Sati biyu kafin wasan kusa da na ƙarshe gwiwata ta dama ta kumbura, in na juya sai inji kamar za ta zame. Na je wajen wani likita ya murɗa ta ya ja ta yace ka huta, kar ka taɓa ƙwallo sai an yi hoto. Wani ɗan uwanmu, Allah ya ji ƙansa, da kyakkyawar niyya, yace ai baki ne, yaro yana tashe dole a sa masa ido. Ya kawo min rubutu a gorar ruwa da wata 'yar laya da aka ɗinke da jan fata, na sha, na ɗaure layar a ƙasan gwiwa na ja safa na rufe. Kuma zan faɗa maka gaskiyar da mutane basa so su ji, layar nan ta yi aiki. Na shiga filin nan ba ɗigon tsoro a raina, minti ashirin na farko ban taɓa buga ƙwallo mai kyau irinta ba, ina yanka ina wucewa ana ihu. Sai na taka da dama zan juya hagu, ba wanda ya taɓa ni, naji ƙas, ƙarar da har ɗan bayan da ke kusa da ni ya ji ya dafe kai. Jijiyar nan ta tsakiyar gwiwa da ake ce wa ribaɗ salibi ta tsinke. A bayan wanet (mota a-kori-kura) aka kwantar da ni zuwa asibiti, ƙasa duk ta cika min baki, layar tana nan ɗaure a ƙafar, ma'aikacin jinya ne ya yanke ta da almakashi ya miƙo min ba tare da yace komai ba.

Abin da layar ta cire min shi ne tsoro, kuma a daren nan tsoron ne kaɗai ke gadin gwiwata. Likitoci sun san wannan, in mutum ya yarda an ba shi magani ko da garin sukari ne a ciki zai iya jin ciwon ya lafa, ya ji ƙarfi ya zo masa. Amma jijiya bata san ka yarda ba. Yau in yaro ya tsinka ta aka yi masa aiki, wata 9 ake magana kafin ya koma wasa lafiya, wani ma ya fi haka, a zamaninmu kuwa a hara shikenan an gama da kai. Hukuncin rataya laya ka tambayi malamai, kana Makka ba ka rasa wanda za ka tambaya ba. Ni abin da na sani a matsayin mai horarwa, yaron da ya saba da cewa ƙarfinsa yana cikin wani abu da ke safarsa, ranar da ya manta shi a gida ya tashi daga aiki tun kafin a busa. Sannan duk ranar da aka ce maka baki ne ya hana ka, an rufe maka ƙofar tambayar da za ta amfane ka, wato me na kasa yi a gwajin nan. Ka yi azkar ɗinka na safe da yamma, ka gode wa kawu da ladabi, kar ka yi masa gardama a gaban mutane, amma kar ka sa komai a safa sai abin kare ƙwauri.

Sai abokinka. Farko dai ka ɗauke idonka daga kan sallarsa, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, in za ka iya ka riƙa buga masa waya da asuba ya fi maka lada akan ka riƙa lissafa masa. Malamai suna yawan faɗa mana cewa duniya ana ba wanda ake so da wanda ba a so, kwantiragin nadi kuwa duniya ce tsagwaronta. Amma bari in tambaye ka abin da nake tambayar kowane yaro, ƙarfe nawa kake kwanciya? Dan na san rayuwarmu a ƙasar nan, dare shi ne ranarmu. A buga ƙwallo ƙarfe 11, a wuce a ci shawarma ko siriye (tsire), a dawo a riƙe waya ko a zauna gaban PlayStation har 2 ko 3, sai kai mai kirki ka tashi asuba, ka wuce makaranta. Barcin awa uku ko huɗu kenan. Shi kuma abokin naka da baya tashi, mai yiwuwa yana samun awa takwas cur. Saurayi mai shekarunka awa 8 zuwa 10 jikinsa ke nema, a cikin barcin ne tsoka ke gyara kanta, abin da ka koya a tamrin ya zauna a kai. To kaga a ma'aunin lahira ka fi shi a wannan, a ma'aunin gudun mita talatin kuma ya zo da jiki sabo kai ka zo da gajiyayye. Ba asuba ce ta cuce ka ba, abin da kake yi tsakanin isha'i da ƙarfe biyu ne. Wanda ya ɗauki asuba da gaske har zuci, ita da kanta za ta kora shi gado da wuri, kuma irin wannan yaron ni ban taɓa samun wanda ya kai shi sauƙin horarwa ba, dan rayuwarsa dama a kan agogo take, sau biyar a rana yana barin abin da yake so ya tashi ya yi abin da ya wajaba. Wannan ɗabi'ar ita muke wahalar dasawa a yaran da basu da ita. Nan ne ƙofar da nace maka imani ke shigowa.

Azumin Litinin da Alhamis kuma, Allah ya karɓa, amma ka duba ko ya faɗo a ranakun da kake tamrin mai nauyi da la'asar, ko ma ranar gwajin kanta. Nafila ce, kana da sarari ka tsara. Ka je gwaji da azumin nafila a zafin Makka sannan kace sammu, haba ɗana.

Na Ramadan shi ba a taɓa shi, sai dai a iya zama da shi. Bari in nuna maka yadda muke yi. Bayan tarawihi wajen goma da rabi yara suke taruwa, kuma ka san raɓar Jidda, iska kamar an jiƙa bargo an lulluɓa maka. Ina ajiye sikeli a bakin fili, kowa ya hau da gajeren wando kafin a fara in rubuta, in an gama ya goge zufa ya sake hawa. Akwai wani siririn yaro mai kilo 60, bayan awa ɗaya da rabi ya sauka 58 da rabi, yana murna wai ya rage ƙiba. Nace ba ƙiba bace ruwa ne, kilo ɗaya kusan lita ɗaya, kuma da zarar ka zubar da kashi 2 cikin 100 na nauyinka ta zufa gudu yana raguwa, kai ma yana daina lissafi da kyau, fasin da kake bayarwa ido rufe sai ka ga yana tafiya wajen abokin gaba. Duk kilon da ya tafi ka mayar da kamar lita ɗaya da rabi, a hankali, daga lokacin har sahur, ba ka ɗaga jarka a minti biyar na ƙarshe kafin kiran sallah ba. Ka duba fitsarinka, in ya yi duhu kamar shayi da sauranka. Buɗa-baki kuma dabino da ruwa da shurba (romo), sambusa biyu ta isa, ba faranti ba, Vimto ɗin nan da muke sha kamar an aiko mu sukari ne zalla. Abinci mai nauyi a bar shi bayan tamrin, sahur a jinkirta shi, a sa ƙwai ko ful (wake) da tamis (burodi) da laban (nono).

Manyan ma kowa da yadda ya ɓullo wa abin. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas da ya ci gasar NBA da Houston a 1994 da 1995, da azuminsa yake buga ƙwallon kwando, kuma a Fabrairun 1995 da ya zo daidai da Ramadan shi aka zaɓa gwarzon wata. Mo Farah kuwa da gasar Olamfik ta Landan ta faɗo cikin Ramadan a 2012 ɗage azuminsa ya yi, ya ci zinare a mita 5,000 da 10,000. Khabib, ɗan damben UFC, shi cewa ya yi baya karɓar faɗa a Ramadan gaba ɗaya. A Ingila a 2021 an tsayar da wasan Leicester da Crystal Palace na ɗan lokaci dan Fofana da Kouyate su sha ruwa. Ba ina ce maka ka bi wane ka bar wane ba, wannan ma na malamai ne. Abin lura kawai, ba ko ɗaya a cikinsu da yace tunda ina azumi jikina zai kula da kansa, kowanne zama ya yi ya tsara.

Akwai kuma imanin da mutum yake da shi game da kansa, wanda shi ma yake aiki ko da ba a kira shi addini ba. Ka ce kowa a hara yana cewa ka iya. Wannan kalmar ta "ya iya", "baiwa ce", ta kashe yara da yawa a hannuna fiye da ciwon gwiwa. Yaron da ya yarda baiwa ce ke buga masa, baya son a gan shi yana koyon abin da bai iya ba, kace ya buga da hagu sai ya yi dariya ya mayar dama, dan kar a ga ya yi kuskure a ce ashe ba gwani bane. Wanda kuma ya yarda ƙafa koya mata ake yi, zai tsaya gaban bango shi kaɗai ya buga da hagu sau ɗari biyu kullum yana ɓatawa ba kunya. Bayan shekara biyu ka zo ka gansu. Wani masanin halayyar ɗan adam, Albert Bandura, tun 1977 ya yi bayanin cewa yarda da kai ta gaskiya mafi ƙarfin tushenta shi ne abin da ka taɓa yi da kanka ka ga ya yiwu, kirari da zuga suna taimakawa amma basu kai wannan ba. Shi yasa bana yi wa yaro dogon wa'azi kafin fenareti. In ya buga ɗari biyar a tamrin, ƙafarsa tana da hujja. Abin da nake koya masa kawai tsari ɗaya da baya canzawa, ajiye ƙwallo da hannunka, ja baya taku iri ɗaya, ja numfashi ka sauke, yi bismillah, zaɓi lungu kar ka canza. Bismillar nan tana tattaro hankalin da ya watse ta dawo da shi wuri ɗaya, na ga haka ba sau ɗaya ba. Bambancinta da laya, ba a manta ta a gida, kuma bata yi maka alƙawarin dole ta shiga.

Wannan na ƙarshen shi ne inda nake ganin mai imani na gaske ya fi kowa riba, wato ranar da aka sha kashi. Annabi (SAW) yana da taguwa al-Adba'u da ba a taɓa tsere mata ba, wani baƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta, abin ya yi wa sahabbai ciwo, sai ya nuna musu cewa haka Allah ya tsara, ba abin da zai ɗaukaka a duniya face an sauke shi. Ba a ce an yi wa taguwar baki ba. Ka duba Sadio Mane na Senegal da ya zo nan nadin Nasr a 2023, a wasan ƙarshe na kofin Afirka da Masar a Fabrairun 2022 ya ɓarar da fenareti tun farkon wasa, ƙasarsa bata taɓa ɗaukar kofin ba, duk nauyin yana kansa, da aka zo bugun raba gardama shi ya sake fitowa ya buga na ƙarshe ya ci. Mutumin da ya ɗauka duk kuskure alama ce ta an yi fushi da shi a sama ba zai iya sake ɗaukar ƙwallon nan ba. Ko namu na gida, a gasar cin kofin duniya ta 2018 Hausawi uku ne a tawagar Saudiyya, Usama da Umar da Mu'utaz, Usama ɗan Makka da ya taso a nadin Wahda shi ne ma kyaftin. Wasan buɗe gasa a ƙarshen Ramadan Rasha ta zuba mana 5-0 duniya tana kallo, aka yi ta zagi, amma tawagar nan bata watse ba, a wasan ƙarshe ta doke Masar 2-1. Kai sau biyu kawai aka mayar da kai, a gaban mutum nawa?

To me suke dubawa a gwajin, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙwallon hara da ta nadi ba ɗaya bace. A hara wanda ya yanka mutum uku shi ne sarki. Mai gwaji kuwa sau da yawa ba ya ma kallonka lokacin da ƙwallo ke ƙafarka, yana kallon ka waiga kafin ta iso ko sai ta zo kake neman inda za ka kai ta, in ta ƙwace maka ka juyo da gudu ko ka tsaya ɗaga hannu kana ƙorafi, hagunka tana aiki ko ta hawa mota ce kawai, a minti na 70 kana nan ko ka ɓace. Ɗan tsakiya a manyan wasanni yana cin kilomita 10 zuwa 12, kuma ƙwallo a ƙafarsa duka-duka 'yan mintoci ne, sauran duk gudu ne ba ƙwallo. Akwai kuma abin da ba laifinka ba. A shekarunku wani ya riga wani girma, wanda aka haifa farkon shekara sau da yawa ya fi na ƙarshenta ƙashi da tsawo, masu zaɓe kuma ido ne da su irin na kowa, babba suke fara gani. Sannan maganar takardu, baka faɗa min ko kana da jinsiya (takardar zama ɗan ƙasa) ko iƙama (izinin zama) ce ba. In mawalid ne kai, wato haifaffen nan mara jinsiya, an buɗe muku ƙofa tun wajen 2017 amma guraben ƙididdigaggu ne, sai ka fi ɗan ƙasa nesa ba kusa ba kafin a ɓata gurbi a kanka. Wannan ba sammu bane kuma ba raunin imani bane, tsari ne, gara ka san shi ka shirya masa. Ka koma wajen wanda ya yi muku gwajin, ka gaishe shi, kace Kabtin me zan gyara. Yara basa yin wannan, kunya ko fushi ke hana su, alhali yawancin masu horarwa za su faɗa maka a minti biyu.

Mai cewa ƙwallo lahawu ce ba zan ja da shi da yawa ba. Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma ya ce mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa wajen Allah akan mai rauni, ko da yake kowanne da alherinsa. In ƙwallo ta cinye maka sallah ko ta sa ka zagin uwar wani to ta zama abin da yace. Sai dai ka sani riƙo da aƙida wani lokacin ba ƙara maka zai yi ba, caje ka zai yi. Muhammad Ali ya ƙi shiga soja a 1967 saboda abin da ya yarda da shi, aka ƙwace kambunsa, ya yi sama da shekara uku bai yi dambe ba a lokacin da yake ganiyar ƙarfinsa, sai 1974 a Kinshasa ya karɓo shi a hannun Foreman. Shekarun nan ba wanda ya biya shi su.

Wani abu kuma da ba za ka so ji ba amma dole in faɗa tunda ka kira ni Kabtin. Cikin duk yaran da suka bi ta hannuna, waɗanda ƙwallo ta zama abincinsu da yatsun hannu nake ƙirga su. Kar ka saki makaranta. Akwai wani da na horar shekaru da suka wuce, ɗan baya, ba shi da wata baiwa ta a zo a gani amma bai taɓa makara ba, shi ke zuwa ya tayani jera kwanuka kafin kowa ya iso, in an tashi ya tattara. Nadi uku suka mayar da shi. Ya koyi gyaran mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), yau yana da yara shida a ƙarƙashinsa da mota biyu, kuma masu gidaje suna jiran sa sati guda akan su kira wani, dan in yace bayan la'asar to bayan la'asar ɗin ne. Duk Ramadan shi ke siya wa yarana ruwa katan-katan. Ni a wajena wannan bai faɗi gwaji ba.

Ga abin da nake so ka yi daga yau zuwa wata uku. Waya ta bar hannunka ƙarfe goma da rabi, in da hali ka ƙara da ƙailula bayan azahar. Bango da ƙafar hagu kullum, ko minti ashirin ne, kaɗan mai ɗorewa ɗin nan da hadisi ya yaba. Gudu mai tsayawa da tashi sau biyu a sati, ba zagayen fili a hankali kamar mai sa'ayi da tsohuwa ba. Ɗumama jiki kafin kowane wasa, akwai tsarin FIFA 11+ kyauta ne a intanet, minti ashirin ne kuma yana rage raunuka sosai, da na san shi ina 19 wataƙila da labarina ya canza. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta awa nawa ka yi barci da abin da ka yi a ranar, ba ƙarya, dan ba wanda zai karanta sai ni da kai.

Hajiya kuma kace mata dan Allah kar ta fasa, ta ƙara ma, har ni ta sa a ciki. In ka samu mota ranar Talata ka shigo Jidda, muna farawa bayan isha'i. Ka zo da littafin, da gorar ruwa babba, da takalmin da ka yi gwajin da shi, ina so in juya shi in ga wace ƙafar ce ta fi cinyewa.